Ranar da Burul Ta Hau Dutse

Shekara talatin Burul ta yi tana ɗinki a wani ɗan shago a Bishkek, kuma duk sanda ta ɗaga kai daga keke, duwatsun nan masu farin kai saboda ƙanƙara na can ta taga. Ba ta taɓa hawa ba. Mijinta Ermek kuwa ya cika mata kunne da labarin yadda ya tattake su zamanin yana soja, har ta haddace.

Satin da ta bar wa 'yarsu Meerim shagon ta ce masa, "Baban Meerim, ranar Asabar za ka kai ni."

"Tsohuwa, da waɗannan gwiwoyin naki?"

"Nawa dai sun sha taka keke. Naka me suka taka ban da hanyar gidan shayi?"

Da sanyin safiya ƙaramar bas ta sauke su a gandun dajin Ala-Arca. Burul ta goya jaka cike da borsok, wato fanken ƙasarsu, da ta soya jiya, da ƙwallayen busasshen cuku da ake kira kurut, da filas ɗin shayi. Suka bi ta cikin itatuwan arca masu ganye kamar allura, ƙamshinsu na dukan hanci, kogi na ruri a ƙasa. Can itatuwa suka ƙare. Babu inuwa, babu mafaka, sai dutse da rana da iska mai yankan kunne. Burul ta ji ƙirjinta na bugawa kamar na yarinya ranar salla. Ta ƙara sauri. Wasu ɗalibai da suka zauna hutawa suka ce, "Sannu Inna, haka kike?" Ta miƙa musu kurut ba ta ko tsaya ba.

Wajen azahar hanya ta tsuke. A hagu bangon dutse, a dama babu komai sai sarari, kogin can ƙasa ya koma kamar farin zare. Burul ta taka a hankali, ta sake takawa, sai ta ga ashe ƙafarta ba ta rawa. A tsakiya ta tsaya ta leƙa. Wata gaggafa na shawagi ƙasa da takalmanta. Dariya ta kuɓuce mata, ta juyo don ta nuna wa Ermek.

Yana can baya, ya manna goshi a jikin dutse.

"Lafiya, soja?"

"Takalmi nake gyarawa."

"Da hannu biyu a jikin dutse?"

Sai ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "A mota aka kawo mu, Burul. A gindin dutse aka kafa sansani, ni kuma kuku ne."

Ta yi dariya har sai da ta dafa bango. Sannan ta koma wajensa, ta kwance ɗankwalinta, ta ba shi gefe ɗaya ta riƙe ɗaya.

"Kada ka dubi dama. Inda na ɗauke ƙafa, nan za ka sa taka. To faɗa min, yaya ake dafa wa mutum ɗari shinkafa?"

"Yanzu?"

"Yanzu. Albasa ake fara sawa ko nama?"

"Wane mahaukaci ne zai fara da albasa? Kitsen rago tukuna."

Haka suka tafi, taku ɗaya, magana ɗaya. Kafin ya kai ga zuba karas sun fita fili.

Suna haye tudun ƙarshe, wata makekiyar ƙanƙara ta bayyana gabansu, shimfiɗe tsakanin kololuwa biyu, tana ƙyalli har ido ba ya iya jurewa. Wasu awakin dutse bakwai suka ɗaga kai suka dube su, suka ci gaba da kiwo. Burul ta buɗe hannuwa iska ta cika mata riga. Hawaye na zuba, ba ta share ba. Ta ce, "Allah mai iko," ta sake faɗa.

Suka rakuɓe bayan wani dutse suka sha shayi. Ermek ya cinye borsok tas.

A hanyar saukowa, da suka iso matsatsin, ya ce shi zai wuce gaba. Ya ɗauki lokaci, gumi ya jiƙa masa hula, amma ya haye bai riƙe kowa ba. Da ƙyar suka tarar da bas ta ƙarshe kafin magariba. Burul ta zauna, cinyoyinta na zogi, tana ta tambayar direba wace hanya ce ta fi wannan tsawo.