Ƙasar da Awuor Ta Kai Aji

Awuor ta danne murfin gwangwanin da tafin hannunta, kamar wani abu zai fito daga ciki. Malama Nekesa tana bin layi tana leƙa abin da kowa ya kawo.

"Yashi, madalla. Wannan laka ce. Kai, Odera, ƙasa na ce ko kashin shanu?"

Aji ya kwashe da dariya, ban da Awuor.

Tun jiya Malama ta ce kowane ɗan aji huɗu ya zo da ƙasa daga gidansu, za a gwada a ga yadda kowacce ke riƙe ruwa. Wanda ya zo hannu rabbana zai wuni yana cirar ciyawa a filin makaranta. Awuor ta manta, littafin da ta aro ya ɗauke mata hankali. Sai da sassafe ta tuna. Ta zura silifan mamarta ta fita da cokali, amma rani ya mayar da tsakar gida kamar siminti, har cokalin ya lanƙwashe. Wuri ɗaya ne mai laushi a duk gidan: kabarin kakanta Ogola, bayan ɗakin Kaka, wanda bai cika wata biyu ba. Ta duba hagu da dama, ta ɗebi hannu uku daga gefe, ta mayar da silifan, ta ruga makaranta.

A hanya ne ta gane ɓarnar da ta yi. Kullum da hantsi Kaka tana share kabarin. Za ta ga ramin, za ta ga sawun silifan Mama, masu ƙusa a dunduniya, waɗanda kowa a gidan ya sani. Bara, a ƙauyen tsallaken rafi, an kama wata mata da ƙasar kabari ƙulle a zani. Ba wanda ya tsaya jin ta bakinta, aka watso mata kayanta kan hanya. Ita kuwa Mama daga nesa aka auro ta, Baba yana can birnin Kisumu wurin aiki, ba mai tsaya mata.

"Buɗe mana," in ji Apondi, wadda suke zama benci ɗaya. "Ko zinariya kika kawo?"

Awuor ta buɗe. A saman jar ƙasar akwai wani ɗan ganyen furen roba, ruwan shuni. Ta yi wuf ta rufe shi da yatsa, amma Apondi ta riga ta gani.

"Wannan ba irin furen da ake ɗorawa a kabari ba ne?"

"Na biki ne."

"Bikin wa? A gidanku dai mutuwa aka yi."

Apondi ta ja littattafanta ta koma can ƙarshen benci, har rabin jikinta na lilo.

Malama ta jera robobin ruwa da aka yanke biyu, kowacce an kifa bakinta a cikin gindinta, an toshe da tsumma. Aka zuba yashi, aka bi shi da kofin ruwa, ya wuce sululu. Aka zuba laka, ruwa ya tsaya cak. Yara suna ture juna, suna ƙirga ɗigo da ƙarfi.

"Awuor, kawo taki."

Ta miƙa gwangwanin, tana kallo Malama ta sa hannu tsirara a ciki, ta murza, har ta kai hanci ta shinshina. Ruwa ya shiga, ya jima, sannan ya fara ɗiga a hankali, jaja-jaja. Awuor ta kau da kai.

"Kun gani? Ba ta saki kamar yashi ba, ba ta riƙe kamar laka ba. A duk ajin nan ba wadda ta kai ta." Malama ta janyo wani babban baho. "To, kowa ya juye tasa a nan. Za mu gauraya mu shuka wake, ƙarshen zango mu dafa mu ci."

Layi ya fara tafiya. Mutum shida a gabanta, sai huɗu, sai biyu. In ta juye, ba abin da za ta mayar gida, kuma ba wanda zai yarda ita ce ta ɗiba. In ta faɗa, duk makaranta za ta sani kafin a tashi. Ta zo gaban bahon da robarta ta tsaya.

"Juye mana, kina tare hanya."

"Malama, ba zan iya ba."

"Me ya sa?"

"Ta kakana ce."

"Gonarsa?"

"Kabarinsa."

Na bayanta suka ja da baya. Malama Nekesa ta dubi yatsunta masu jar ƙasa. Ba ta yi faɗa ba. Ta karɓi robar, ta kankare ƙasar cikin gwangwani har da tsumman, ta wanke hannunta a kan kofi, ta haɗa da ruwan da ya ɗiga, ta zuba a kwalba ta toshe.

"Tafi yanzu, 'yata. Kada ki zubar da ko ɗigo."

Tun daga shingen gida ta hango su. Baffa Owiti, wan babanta, yana tsaye da sanda. Mata uku na maƙwabta sun naɗe hannu a ƙirji. Mama tana durƙushe, an ajiye silifan a gabanta. Kaka na zaune a kujerarta ta katako, tsintsiya a cinya.

"Ba tambayarki nake ko kin je ba," Baffa yake cewa, "sawunki ya riga ya amsa. Wa kika kai wa?"

"Ni ce."

Duk suka juyo. Awuor ta ajiye gwangwani da kwalba a gaban Kaka, ta faɗi komai a guje: cokalin, cirar ciyawa, silifan, bahon wake. Ta gama ta tsaya tana jiran sanda.

"Ji shashanci," in ji Baffa. "Makaranta ce ta ce ku tono matattu?"

Kaka ta ɗaga masa hannu, ya yi shiru. Ta buɗe gwangwanin, ta zaro furen roba ta goge shi da gefen zaninta.

"Har cikin ajin kika shiga da shi?"

"E, Kaka."

"Aka ce me?"

"Aka ce ba wadda ta kai ta a duk ajin."

Kaka ta jinjina kai. Shekara saba'in da bakwai Ogola ya yi a duniya, da babban yatsa yake sa hannu a takarda, kuma ko sau ɗaya bai taka ƙofar makaranta ba.

"Rana ɗaya tak, ya zo na ɗaya," ta ce. Ta dafa gwiwa ta miƙe. "Owiti, miƙa wa matar ƙaninka takalmanta. Ke kuma ɗauko kwalbar, mu mayar da shi ya huta."