Waƙar Wankan Ilyasu

Duk ranar Talata sai Rahmatu ta cicciɓi Ilyasu daga unguwar Alsahafa, ta sa shi a hafila, wato bas ɗin haya, su ƙetare kogi zuwa Umdurman. Saurayi ne har ya fara gashin baki, amma bai taɓa takawa ba, bai taɓa cewa uffan ba. Tambaya ɗaya ce ke cin ranta: yaron nan ya san ita ce uwarsa kuwa, ko hannun da ke ba shi abinci kawai ya sani?

A wata 'yar cibiya, Mawahib, mai yi wa irin su Ilyasu magani da kiɗa, takan kifa wa uwa da ɗa huluna masu wayoyi. Layi biyu kan fito a allon na'ura, nasa da nata. Ta ce in ƙwaƙwalwarsu ta haɗu, layukan za su riƙa hawa da sauka tare. To, an yi ta dukan gangar daluka mako bayan mako, Rahmatu na bin waƙoƙin Larabci tsaf kamar mai bitar karatu, layukan nan kowanne da inda ya sa gaba.

Ita kuwa Rahmatu ba ta yin Hausa a waje. Tun tana yarinya a gonakin audugar Jazira aka yi mata dariya a kanta, ta koyi barin ta a gida.

Ran nan hular ta matse Ilyasu, ya sandare, ya fara gurnani. Tsoro ya kama Rahmatu. Kafin ta ankara ta ɗauko shirmen da take rera masa wajen wanka, tana bubbuga ƙirjinsa:

"Ga ruwa, Ilya, ga ruwa, ɗaga hannu in wanke..."

Sai ta tuna inda take, kunya ta rufe ta, ta koma Larabci tana ba likitar haƙuri. "Ma'alesh, ya diktora. Wannan ba waƙa ba ce."

"Ci gaba, ya hajja," in ji Mawahib, idonta a kan allo.

Ta ci gaba. Jikin yaron ya saki. Da ta sake zuwa wajen ɗaga hannu ta ɗan tsaya jan numfashi, sai ga ƙanƙamammen hannun nan yana tasowa da kansa, da ƙyar, ya tsaya a sama. Daɗi ya kusa kayar da ita daga kujera.

"Ya hajja, juyo ki ga layukanku, sun haɗu," in ji Mawahib.

Rahmatu ko waiwayawa ba ta yi ba. "Bari tukuna, 'yata. Jira yake in ƙarasa masa."