Darasi da Allura a Baki

Tun ranar da babban ɗanta ya bugo waya daga ƙasar da yake aiki ya ce ya sami matar aure, kuma uwar yarinyar Sifaniyanci kaɗai take ji, mai ɗinki ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ba auren ne ya dame ta ba. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne a ce ba za ta gaisa da surukarta ba sai an sa tafinta a tsakani, kamar masu shari'a.

'Yarta Auta ce ta sauke mata darussan a waya. A shago take koyo, kan keken ɗinki, ƙafa na taka feda, kunne na wajen wata malama mai sanyin murya da ba ta gajiya da maimaitawa.

Darasin da ya fi yi mata daɗi shi ne na kunne. Malamar ta ce oír shi ne ji, wato sauti ya faɗo maka ko kana so ko ba ka so, escuchar kuwa shi ne saurare, ka tara hankalinka wuri guda. Mai ɗinki ta tsayar da keke ta yi dariya ita kaɗai. Da ta koma gida ta shaida wa maigidanta, tsohon direban bas, cewa ashe har a wata duniyar an san irinsa: tun aurensu oír yake yi mata, bai taɓa escuchar ba. Ya ɗago kai daga rediyo ya tambaye ta me ta ce.

Sai dai oír ɗin ya ba ta wahala. Escuchar yana tafiya a layi, shi kuwa sai ya zama oigo, ya zama oyes, ya zama oye, kamar mai kawo ɗinkin da ke sauya salo bayan an yanka yadi. Jimlar da ta fi bukata ita ce te oigo, ina jin ki, domin ta san halin layin waya. Ta yi ta nanata ta tana kafa kalmasa, da ƙananan allurai a leɓe, ba ta iya buɗe baki sosai. A haka kalmar ta karkace ba ta sani ba, kuma babu mai gyara mata.

Ranar kiran, ta sa rigar da ta ɗinka wa kanta musamman. Auta ta jingina wayar da kwalbar fure a kan teburin falo, maigida ya zauna a gefe yana gyara wuyan riga. Surukar ta bayyana, farar mace mai tabarau da furfura, ita ma da alama ta sha kwalliya. Gaisuwar farko ta fita sumul. Daga nan hoton ya daskare, ya dawo, matar ta matso tana nuna kunnenta.

"¿Me oyes?"

Mai ɗinki ta gane tambayar sarai: kina ji na? Ta ɗora hannu a zuciya, ta yi murmushi mai faɗi.

"Sí. Te odio."

Fuskar matar ta tsaya cik. Mai ɗinki ta ɗauka layin ne ya sake yankewa, sai ta ɗaga murya ta maimaita, a hankali, gaɓa-gaɓa. Maigida ya ga bai kamata a bar shi a baya ba, ya leƙo da kansa cikin hoton ya faɗa shi ma, har da rusunawa.

Nan ɗan nasu ya ƙwace wayar a can, idanunsa waje.

"Umma, oigo ake cewa. Wannan da kike faɗa, cewa kike kin tsane ta."

Mai ɗinki ta miƙe ta shige kicin ta tura ƙofa. Tana tsaye gaban tukunyar da babu komai a ciki, tana jin Auta na shaƙewa da dariya a falo. Can kuma ta jiyo wata dariyar daga cikin wayar, mai ƙarfi, har da tari. Auta ta zo ta ce surukar ta rantse ba za ta ajiye waya ba sai an dawo mata da ita.

Da mai ɗinki ta dawo ta zauna, kai a sunkuye, matar ta cire tabarau ta share hawaye. Ɗan ya bayyana cewa ita ma ta jima tana koyon Hausa a ɓoye, tsoron kuskure ne ya hana ta buɗe baki, amma yanzu ta sami ƙarfin gwiwa. Matar ta gyara zama ta ja numfashi.

"Sannu. Yaya gyaɗa?"

Mai ɗinki ta dube ta. Ta harari Auta, wadda ta toshe baki da mayafi.

"Gyaɗa lafiya lau," ta amsa da nutsuwa. "Duk suna gaishe ki."

Bayan haka hira ta ɓarke, rabi da baki rabi da hannu. Matar ta ɗauko rigar da za ta sa ranar auren ta nuna inda kafaɗa ke saukowa. Mai ɗinki ta sa aka juya rigar ciki waje, ta nuna mata da yatsa wurin da za a tsuke. Ɗan ya yi ta ƙoƙarin fassarawa har suka kore shi, ya tafi dafa shayi.