Ranar Da Inna Ta Kama Sunansa

Tun da Uzairu ya zo duniya bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba. Shi ne ɗan fari, ita kuwa Inna Safiyatu irin matan nan ce da suka riƙe alkunya da hannu bibbiyu. In tana so ya ci abinci sai ta ce wa ƙanwarsa, "Aina'u, ki ce wa yayanki tuwo na hucewa," alhali ga shi nan zaune kusa da ita. Har yau ana ba da labarin ranar da ta kai shi asibitin Tsanyawa yana jariri, malamar asibiti ta tambayi sunan yaro, sai da aka fita waje aka nemo maƙwabciya ta faɗa. Kowa a ƙauyen ya san abin da shirun nan yake nufi, shi ma ya sani.

Sana'arta daddawa. Ta dafa kalwa, ta surfa, ta wanke, ta rufe har ta yi warin da ake so, sannan ta daka ta mulmula ta shanya. Dillalai daga Bici da Tsanyawa har gida suke biyo ta. Da kalwar nan Uzairu ya yi karatu, kuma da warinta a jikin rigarsa ya sha tsokana tun yana firamare.

Ya gama jami'a, ya samu aiki a wani kamfanin rarraba kaya a Kano. Bai daɗe ba ya ga waɗanda ake ɗagawa sama duk masu digiri na biyu ne a harkar kasuwanci, wanda 'yan boko ke kira MBA. Sai ya ajiye aikin ɗungurungum ya koma aji. Mutanen gari suka yi ta surutu, wai wa ya taɓa ganin mai albashi ya koma ɗan makaranta in ba korarsa aka yi ba. Inna ba ta tanka wa kowa ba. Cewa kawai ta yi, "Aina'u, ki ce wa yayanki Allah ya ba da sa'a."

A ajin nan ya tarar da wata duniya. Yara ne sa'o'insa, amma kowa da makullin mota a hannu, ana hirar kamfanin Daddy da hutun da aka yi a waje. In an tambaye shi gida sai ya ce, "Wajen Bici," ya yi sauri ya canza magana.

Wata rana malaminsu, Dakta Kashim, ya ce kowa ya kawo wata ƙaramar sana'a ya yi nazarinta a gaban aji. Uzairu ya ɗauko wadda ya sani ciki da bai. Yana cewa "daddawa" aji ya fashe da dariya, wani har da toshe hanci. Amma da ya ci gaba sai aka yi tsit, don ya yi bayani mai kyau ƙwarai. Da ya gama, Ilham, wata 'yar ajin da ya daɗe yana satar kallonta, ta ɗaga hannu.

"A ina ka samo matar nan?"

Dariyar ɗazu ba ta bar kunnensa ba. Ya ji bakinsa ya ce, "Wata mata ce a wani ƙauye kusa da Tsanyawa."

Dakta Kashim ya ce ai irin wannan sai an gani da ido, ranar Asabar za a je. Uzairu ya nemi hanyar hana tafiyar ya rasa. Amma da ya zauna ya yi tunani sai wata dabara ta zo masa, dabarar da shi kansa bai so ya kalle ta da kyau ba. Ai Inna ba ta kama sunansa, ba ta kallonsa a gaban mutane. To wa zai gane? Ya kira Aina'u a waya ya ce zai zo da baƙi daga makaranta, bai ƙara komai ba.

Motar makaranta ta bi ta tsakanin gonaki, gero ya yi tsayi har yana shafar gilashi. Suna shiga gidan ya ga abin da bai lissafa da shi ba. An share tsakar gida tas, an shimfiɗa sababbin tabarmi, an yanka zakara, ga fura an dama a ƙwaryar da ba a fito da ita sai da sallah. Inna ta ɗaura atamfar da ya saya mata da albashinsa na farko. Ɗanta ne zai kawo abokansa gida, karon farko.

Tun yana yaro bai taɓa gaishe ta a tsaye ba. Ranar nan ya tsaya ƙerere, takalmi a ƙafa, ya ce mata kamar baƙo, "Sannu da gida, Baba."

Aina'u ta ɗago ta dube shi. Inna kuwa ta sunkuyar da kai kamar yadda ta saba, ta amsa wa baƙi gaisuwa ɗaya bayan ɗaya.

Aka ci, aka sha, aka zagaya wajen tukwane. Ilham ce ta fi kowa sakin jiki. Ta durƙusa kusa da Inna, ta karɓi taɓarya ta gwada daka, aka yi ta dariya. Ko hanci ba ta taɓa ba, wannan ya ƙara ƙona wa Uzairu rai. Can tana share gumi sai ta ce, "Inna, wai ya aka yi kika san Uzairu? Ya ce mana ke wata mata ce da ya samo a ƙauyen nan."

Hannun Inna ya tsaya a kan faifan daddawa. Uzairu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya ce uwarsa ce kawai ya isa, amma ya tsaya yana kallon takalminsa.

Inna ta ɗago kai. Ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba a gaban kowa.

"Uzairu?" in ji ta. "Ai ɗan garin nan ne. Yaron kirki. Na san uwarsa."

Ludayi ya suɓuce daga hannun Aina'u ya faɗa cikin fura. Baƙi ba su lura da komai ba. Dakta Kashim ma cewa ya yi ma sha Allah, haka ake son ɗalibi ya san mutanen garinsu.

Da la'asar ta yi aka tashi tafiya. Inna ta ƙulla wa kowane baƙo daddawa a leda, Aina'u tana miƙawa, ta ƙi yarda ta haɗa ido da yayanta. Da aka fita wajen mota, Uzairu ya ce ya yi mantuwa. Ya koma ciki, ya tuɓe takalmi a bakin zaure, ya je gaban Inna ya durƙusa har ƙasa. Kunya ta hana shi ɗaga kai.

"Inna," ya ce. 

Ya jira ta juya wajen Aina'u, ta ce ki gaya wa yayanki kaza, ko da zagi ne. Aina'u na nan tsaye, ita ma tana jira.

Inna ta ɗauki ƙullin da ya rage, daidai girman na sauran baƙi, ta miƙa masa da hannunta.

"Ga naka, Uzairu," in ji ta. "Tashi, kada motarku ta tafi ta bar ka."