Layin Wuya

Kaumi mai fenti ba a makaranta ya koyi zane ba. Yana ɗan shekara goma sha biyu ya bi motar shanu daga Potiskum zuwa Jos, can ya faɗa hannun wani Ibo mai zanen jikin motoci, ana ce masa Oga Silbanus. Shekara tara yana dama masa fenti, yana wanke buroshi, suna ci a kwano ɗaya. Shi ya koya masa cewa in za ka zana bijimin sa, daga wuya ake farawa, don a nan ƙarfinsa yake.

Shekarar tarzoma, sittin da shida, Kaumi ya je shago da safe ya tarar da ogan nasa kwance a bakin ƙofa, an yanka shi. Shi ya lulluɓe shi da tsumman goge fenti. Ya dawo gida Potiskum bai faɗa wa kowa ba. Tun daga ran nan, ko kaza za a yanka, sai ya sulale ya bar gidan.

Bayan shekara shida, hedimastan wata firamare da ke hanyar Nangere, Malam Bakari, ya ba shi mabuɗin aji ɗaya. Kullum bayan la'asar yara wajen ashirin sukan zo, ya raba musu gawayi da takardar buhun siminti. Kaumi da ba ya haɗa magana uku a gari, a ajin nan har dariyarsa ake ji. Ba shi da mata, ba shi da aboki. Ajin ne kawai.

Ran wata Alhamis hedimasta ya kira shi ofis.

"Malam Kaumi, zauna. Alhaji Muhammadu Lawan dillalin shanu ya zo ɗazu, shi da iyayen yara huɗu."

"Lafiya dai, ranka ya daɗe?"

"'Yarsa Asta ce ta kai zanen wani sa gida. Ya ce da ya gani saura kaɗan ya taya." Malam Bakari ya yi 'yar dariya, ya ga Kaumi bai yi ba, ya gimtse. "Sun ce abu mai rai ne, numfashi kawai ya rage. Ba su ce a daina ba fa. A yi yadda aka saba, a ja layi a wuya, kai ya rabu da jiki, shi ke nan ba mai rai ba ne."

"To mu koma zanen itatuwa mana."

"Wane yaro zai bar wasa ya zo zana dogon yaro? Don shanu suke zuwa, kai ma ka sani. Layi ne fa kawai, Kaumi. Me ke cikin layi?"

Kaumi ya tashi ya fita.

Ran Asabar ya gwada dabara. Ya sa yara suka zana shanu sun sunkuya cikin doguwar ciyawa, wuyan ya ɓuya. Hedimasta ya duba takardun ɗaya bayan ɗaya, ya girgiza kai.

"Da dillalin shanu za ka yi wannan wayon? Ran Litinin zai zo da kansa. In ba layi, ka ajiye mini mabuɗi."

Litinin ta yi. Alhaji Muhammadu Lawan ya tsaya ta taga, ya dafa sandarsa. Kaumi ya ɗauki alli, ya fara daga wuya kamar kullum, ya ɗora tozo, ya fitar da ƙaho, ya sa ido. San ya tsaya a kan allo yana kallon yara. Kaumi ya tsaya, alli a hannunsa. Ya waiwaya ya dubi fuskokin nan ashirin. Sannan ya ɗora allin ƙarƙashin haɓa, ya ja.

"Malam ya yanka!" in ji wani yaro, Yaji.

Aji ya kwashe da dariya. Kowa ya sunkuya kan takardarsa yana yanka nasa, ba ka jin komai sai ƙarar gawayi, ƙirr, ƙirr. Alhaji ya gyaɗa kai, ya ce, "Madalla, Malam. Ka ga ai ba wuya." Ya tafi.

Kaumi ya fita bayan aji inda randa take. Ya wanke hannu, ya sake wankewa, alhali garin alli ne kawai. Sannan ya koma aji.

Mabuɗi dai ya zauna a aljihunsa, yara suka ci gaba da zuwa. Sai dai an daina jin dariyarsa. Wata rana yana zane a allo, Asta ta ɗaga hannu.

"Malam, me ya sa yanzu daga wutsiya kake farawa? Ba kai ka ce daga wuya ake farawa ba?"

Kaumi bai juyo ba.

"Da ne, 'yata," ya ce. "Ki yi zanenki."