Aladu a Maƙabartar Janak

Royce Janak ne ya fara ganin ɓarnar, ran da ya kai furanni kabarin yayarsa Verlene. Bai ko sauke furannin ba ya juya kan a-kori-kurarsa, ya nufi gidan mijin marigayiyar.

Ya tarar da Delbert Matula a baranda, riƙe da kofin gahawar da ta daɗe da hucewa. Tun da aka binne matarsa haka yake wuni. Yana ba shanu abinci, yana aske gemu, yana amsa gaisuwar masu ta'aziyya daidai yadda ya kamata. Amma komai yana zuwar masa ne daga nesa, kamar wanda aka cusa wa auduga a kunne. Matan coci sun cika masa firiji da abinci, yakan ɗauki na gaba ya ɗumama, ya cinye bai san ko mene ne ba.

"Suruki, tashi!" in ji Royce tun bai rufe ƙofar mota ba. "Aladun daji sun shiga maƙabarta. Sun tone ciyawar da muka shimfiɗa mata kaf."

"To," in ji Delbert.

"To? Ka kuwa ji abin da na ce? Kabarin Verlene nake gaya maka!"

"Na ji. Sun kai ga akwatin gawar?"

"Haba, ina! Sama-sama ne. Amma ka zo ka gani da idonka."

Maƙabartar ta dangin Janak ce, ƙarama, tana tsakiyar filin kiwo a ƙarƙashin wasu manyan itatuwa biyu, an kewaye ta da tsohuwar waya mai ƙaya. Aladun sun ɗaga wayar ta ƙasa sun shige. Sun bi ƙasar da ba ta gama zama ba sun kife ta da hanci kamar an sa garma, suna neman tsutsa da saiwa. Tulun furanni ya fashe, ga sawu ko'ina, wani sawun ya kai tafin hannun mutum. Royce yana ta zagi, wuyansa ya yi jawur. Delbert ya tsaya da hula a hannu, yana jiran ransa ya ɓaci. Ya jira, bai ɓaci ba. Abin da ya lura da shi kawai shi ne inda iska ke kaɗa ciyawa, daga kudu take zuwa.

"Tarko za mu sa," in ji Royce.

"Sun san tarko. Tun bara ba wanda ya kama babba."

"To karnukan farautar maƙwabcinmu Sadler."

"Karnuka su yi ta gudu a kan iyayenka?"

Royce dai idonsa ya yi yana, ko lambar mota ba ya iya karantawa daga nesa. Delbert ya nuna wani tudu can arewa, inda tsohon tankin ruwa yake.

"Harbi zan yi. Daga can kaɗai ba za su ji warina ba."

"Wancan? Ai ya kai yadi ɗari huɗu."

"Ya kai."

Washegari ya shiga gari da bindigogi biyu a bayan kujera. Shagon Ofelia Barrera na abincin dabbobi ne, amma rabin bangon baya harsasai ne. Tare suka yi makaranta da Verlene, tare kuma suka tsufa a ƙungiyar mawaƙan coci. Da ta gan shi ta zagayo ta rungume shi, shi kuwa ya tsaya ƙiƙam har ta sake shi.

"Ka rame, Delbert. Kana cin abinci?"

"Ina ci."

"Ƙarya kake, amma bari. Me ya kawo ka?"

Ya shimfiɗa bindigogin a kan kanta. Ɗaya tasa ce, babba, tsohuwa mai lamba 30-06 da gindinta ya goge. Ɗayar ƙarama ce, mai lamba 243, wadda Verlene ke harbin barewa da ita. Ya ba ta labari a taƙaice, kamar mai faɗin farashin dusa. Ofelia ta toshe baki da hannu, sannan ta shafa ƙaramar bindigar.

"Na san abin da ya sa ka kawo wannan," ta ce. "Amma ka mayar da ita. A yadi ɗari huɗu ɗan harsashinta ya gaji. Iska za ta yi wasa da shi, in ma ya isa, kafaɗar babban namijin alade kamar tayar tarakta take. Za ka ji masa ciwo ne kawai, ya je ya mutu cikin ƙaya bayan kwanaki."

Delbert bai yi musu ba. Shi kansa bai san dalilin da ya sa ya ɗauko ta ba. Ya jingine ta gefe.

Ofelia ta sauko da kwalaye uku na harsashin babbar bindigar, ta zaro ɗaya-ɗaya ta jera su tsaye. Wani dattijo mai suna Hoyt, wanda ke wuni a shagon yana shan gahawar kyauta, ya matso ya sa baki.

"Ba shi mai jan bakin nan. Da shi jikana ke huda kwabo daga ƙarshen fili."

"Kwabo ba ya da kafaɗa, Hoyt. Koma kujerarka." Ta ɗaga mai jan bakin. "Wannan ya fi su tafiya miƙe, gaskiya ne. Amma rigarsa siririya ce, na harbin takarda ne. Yana dukan ƙashi zai tarwatse tun bai shiga ba." Ta ajiye, ta ɗauki na biyu. "Wannan jan ƙarfe ne zalla, ba dalma a ciki. Ba ya fashewa. Zai shiga ta nan ya fita ta can."

"Ya fita ya je ina?" in ji Delbert.

"Duk inda ya ga dama."

"Akwai duwatsun kabari a bayansu."

Hoyt ya koma kujerarsa ba wanda ya sake ce masa komai. Ofelia ta mayar da na jan ƙarfen kwalinsa a hankali, ta tura masa na ukun.

"To wannan. Dalma ce a ciki, amma an liƙe ta da rigar, ba sa rabuwa. Yana da nauyi, iska ba ta cika ture shi ba. In ya shiga zai buɗe baki ya yi faɗi, ya zube ƙarfinsa a ciki. A irin wannan nisan sau da yawa a ƙarƙashin fatar ɗaya gefen ake samun sa. Amma ban yi maka alkawari ba, Delbert. Harsashi ba ya jin magana. Ka jira sai ƙasa ce kawai a bayan dabbar."

"Zai sauka da yawa?"

"In ka daidaita madubin bindigarka a yadi ɗari biyu, a ɗari huɗu zai faɗi inci ashirin da wani abu. Kada ka yarda da abin da aka rubuta a kwali. Je ka gwada da taka bindigar."

Ya ɗauki kwali biyu. Yana bakin ƙofa ta kira shi.

"Ran Lahadi mun rera waƙar da take so. Muryata ta ƙi fita."

"Na gode," in ji shi, don bai ga wata amsar ba.

Ya kafa wani babban kwali a bayan gona, ya zana da'ira, ya koma nesa ya kwanta rub da ciki a kan buhu. Harbin farko ƙasa ya ci. Ya gyara, ya sake. Haka ya yi ta yi har ramukan suka taru wuri ɗaya, ya kuma gane yadda iskar yamma ke jan harsashin hagu. Da ya cire riga a gida ya ga kafaɗarsa ta yi baƙi. Ya duba ta a madubi kamar kafaɗar wani ce.

Daga nan kullum rana ta karkata sai ya hau tudun, ya kwanta a gindin tankin. Cikin madubin bindiga maƙabartar takan matso har ya ga dutsen Verlene, sabo fil, ya fi sauran haske, ko da yake rubutun ba ya karantuwa. Yakan daɗe yana kallon sa. Wani lokacin ya tuna yadda take buga ƙofar firiji da ƙugu in hannuwanta a cike suke. Tunanin ya zo, ya tsaya kaɗan, ya wuce, kamar motar da ba ta tsaya a gidansa ba. Kwanaki aka yi aladun ba su zo ba.

Ran da suka zo, da sauran haske. Wata uwa ce a gaba, matasa na biye da ita, suka fito daga kwazazzabo suna kiwo. Can baya, shi kaɗai, wani ƙaton namiji baƙi, haurensa ya fito fari. Delbert ya gane mai babban sawun nan ne. Ya ɗora giciyen madubi a kansa yana bin sa. Aladen ya wuce gaban dutsen mahaifin Verlene, Delbert bai taɓa kunamar bindigar ba. Ya wuce gaban na wani jariri da ya mutu tun kafin a haifi kowa a cikinsu. Sannan ya zagaya wajen waya, ya tsaya yana tono, bayansa gangaren jar ƙasa ne kawai.

Delbert ya ɗaga saiti sama da gadon bayan, ya ɗan karkata dama saboda iska. Bugun zuciyarsa bai ƙaru ba. Ya saki rabin numfashi, ya matsa.

Ƙarar ta tashi, jim kaɗan wata ƙaramar ƙara ta dawo masa daga nesa, dam, irin ta dukan buhu. Garken ya watse cikin kwazazzabo. Namijin ya durƙusa, ya miƙe, ya ruga. Bai bi sauran ba. Ta ƙarƙashin wayar ya kutsa cikin maƙabartar, ya yi 'yan taku, ya faɗi tsakanin kaburbura, ƙafafunsa suka yi ta shure-shure har suka daina.

Mota ba ta shiga wurin, sai ya kira Royce ya zo da igiya. Royce na isowa ya kai wa mushen shuri, ya sake kai masa, har hularsa ta faɗi.

"Ɗan banza! La'ananne! Ko mutuwar ma sai ka zo nan ka yi ta?"

Ya durƙusa ya laluba ɗaya gefen, ya ji wani ƙullutu a ƙarƙashin fata. Ya tsaga da wuƙa ya zaro harsashin, ga shi ya buɗe kamar laimar kwaɗi. Ya miƙa wa Delbert.

"Riƙe abinka."

"Me zan yi da shi?"

Royce ya juya shi a hannu, ya jefa aljihu. Suka ɗaure ƙafafun baya suka fara ja. Dabbar ta fi kowannensu nauyi, ga wari, su kuma duk sun haura saba'in. Su ja kaɗan su huta. Hanya mafi kusa zuwa ƙofa ta bi ta kan wani fili da ba kowa a ciki, dab da Verlene, wanda aka tanadar wa Delbert.

"Mu bi ta kan filinka," in ji Royce yana haki. "Kai dai ba ka tare ba tukuna."

"Bi."

Royce ya fara dariya bai ƙarasa ba. Ya saki igiyar, ya zauna a ƙasa yana kuka. Delbert ya tsaya riƙe da nasa gefen igiyar. Ya san ya kamata ya ce wani abu. Ya dafa kan Royce, ya bar hannun a wurin har kukan ya lafa. Sannan suka ƙarasa ja, suka ɗaura a bayan mota, suka kai kwazazzabo suka bar wa ungulu. Naman tsohon namiji ba ya ciwuwa.

Da safe suka dawo da sabuwar waya mai raga da turakun ƙarfe. Royce na buga turaku, Delbert na baje ƙasar kabarin da manjagara, yana rufe jinin da ya bushe. Rana ta take kafin su gama gefe biyu.

"Ka ji sanyi a ranka?" in ji Royce.

"A'a."

"Ni ma haka." Ya share gumi da hannun riga. "Jolene ta ce ka zo cin abinci ran Lahadi. Ta ce in ka ƙi, ita za ta zo ta ɗauke ka da kanta, kuma ka san tuƙin matata."

Delbert ya je. Aka zaunar da shi kusa da taga, Jolene ta zuba masa kaza da dankali. Yaran gidan suna ta gardama a kan ƙwallo, aka tambaye shi ra'ayinsa, ya ce bai kalli wasan ba. Ya cinye abin da ke farantinsa. Da ta ƙara masa bai hana ta ba.