Faɗowar Don Evaristo

Karo na uku ke nan da Don Evaristo Quilodrán ya faɗo daga rufin gida, amma wannan ne karon farko da ya karye. Shekara arba'in yana gyaran rufin kwano a tuddan birnin Valparaíso, yanzu ga shi zaune da hannun dama cikin filasta, ba abin da yake yi sai shan shayi da sa wa mutane ido. Da matarsa Herminia ta gaji da shi, sai ta kora shi ɗakin 'yarsu Maite.

Maite mai zane ce. Wani kamfanin wasan kati a Santiago ya ba ta aikin zana mala'ikan da aka koro daga sama, kwana tara tana fama abin ya ƙi. Evaristo ya ja kujera ya leƙa zanen a kwamfutarta. Wani kyakkyawan saurayi ne durƙushe kan dutse, fukafukansa baƙi wuluk, ɗaya a karye, ya ɗaga kai sama yana zubar da hawaye.

Ta yi masa bayani dalla-dalla. Baƙin fiffike alamar hasken da ya rasa ne, karayar sakamakon girman kai, kallon sama kuwa kewar gida. Uban ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ta ko ta taɓa faɗowa daga wani wuri. Ta ce daga keke, sau ɗaya.

"Shi ya sa," in ji shi. "Wanda ya faɗo ba sama yake kallo ba, 'yata. Waiwayawa yake fara yi, ya ga ko wani ya gan shi."

Maite ta yi dariya, amma shi da gaske yake. Ya tuɓe riga da hannu ɗaya, ya sa ta ɗaura masa wata karyayyiyar lema a baya, ya zube ƙasa ya gwada mata: gwiwa ɗaya a lanƙwashe, kafaɗa a ɗage, ido na satar kallon gefe. Dariyarta ta tsaya, ta jawo takarda da fensir.

A haka Herminia ta shigo da burodi da fiya. Ta ajiye farantin, ta yi alamar gicciye, ta ce ba ta yi zaman aure na shekara talatin da takwas don ta wayi gari da Shaiɗan mai tumbi a tsakar ɗaki ba. Har ta kai bakin ƙofa, sai ta juyo ta ƙare masa kallo.

"Ka manta murmushin, tsoho. Ran da ka faɗo gaban maƙwabciyarmu Doña Elcira, murmushi ka yi mata, ka ce dama saukowa za ka yi."

Evaristo ya rantse bai yi haka ba. Yana cikin rantsuwar murmushin ya kuɓuce masa, Maite kuwa ba ta bari ya wuce ba.

Kamfanin ya karɓi zanen bai canja komai ba. Da katin ya fito, sai ga mala'ika zaune cikin ƙura da tarwatsattsun gashin fiffike, yana satar kallon gefe, bakinsa ɗauke da murmushin mai jin kunya wanda bai yarda ya ji ciwo ba. Fuskar ta saurayi ce, amma duk unguwar ta gane hancin.

Evaristo ya zaga da katin wurin abokan wasan dominonsa, har limamin coci sai da ya nuna wa, limamin kuma ya daɗe yana dubawa kafin ya ce girman kai kam an kama shi daidai. Herminia ta hana a ajiye shi kusa da hotunan waliyyanta, don haka aka manna shi a jikin firji.

Ranar da aka cire masa filasta, ya dawo gida yana neman tsaninsa. Herminia ta ce ta ara wa ƙaninta da ke garin Quilpué. Har yau ba a dawo da shi ba.